Kwale-kwalen filafili biyu ko jirgin inji ɗaya? Ku ba mu shawara

Ɗan Gungu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ruwa. Mu 'yan wani ƙauye ne a ƙasar Yauri da ke zaune a birni muka yi karo-karo don yaran garinmu, saboda makarantar firamare tana tsallake, akwai wani reshen kogi tsakani, da rani har da ƙafa ana wucewa amma daga watan takwas zuwa bayan sanyi sai da jirgi. Jirgin da ake fiton yaran da shi ya mutu, gindinsa ya ruɓe. Yanzu kuɗin da muka tara zai iya yin kwale-kwalen katako guda biyu na filafili har a samu canji, ko kuma mu ƙara haƙuri mu ƙara tarawa mu sayi babba ɗaya da inji na hannu. Kan mu ya rabu biyu wlh, shi ya sa na kawo nan.

Abba Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ku sayi inji kawai ku huta. A wannan zamanin a ce yara suna zaune cikin kwale-kwale wani dattijo na ta fama da filafili, in iska ta taso a tsakiya fa? Inji minti biyar ya tsallakar da su gaba ɗaya a sawu ɗaya, kuma in mace ta tashi haihuwa cikin dare ko maciji ya sari wani da shi za a kai shi asibiti Yelwa. Ko inji mai ƙarfin doki 15 kuka samu na Yamaha ya ishe ku.

Maman Khalifa:
To Abba wa zai riƙa zuba man? Tambayar kenan da ba ka amsa ba. Ni sana'ata banda ce, kullum ina bakin kwata ina sarin kifi, da idona na ga yadda abin ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu, kuma a ƙauyen bakin ruwa ba farashin gidan mai ake sayar maka ba, na jarka ne, ga baƙin mai da ake haɗawa. Masunta da yawa sun kwance injinsu sun jingine a ɗaki sun koma filafili. Makaranta kwana biyar a sati, zuwa da dawowa, iyayen da alli ma sai an yi ta bin su, su ne za su haɗa kuɗin mai kullum? Sati uku za a yi ana marmari sannan jirgin ya koma ɗaukar buhunan albasa zuwa kasuwa don ya ciyar da kansa, yaran kuma su zauna gida.

Abba Injiniya:
Hajiya ai hakan ma ba laifi ba ne, ranar kasuwa ya yi haya ya samo kuɗin man sati.

Maman Khalifa:
Ranar kasuwar ba makaranta ke nan?

Tsohon Matuƙi:
Salamu alaikum. Ɗana ne ka rubuta mini, ni ina faɗi. Mu Sarkawa ne, uwayenmu cikin jirgi sunka haife mu, fito da su shi ne gadonmu. Yaro, kai mai tambaya, ban ji ka faɗi abu ukku ba kuma su ne maganar duka. Faɗin ruwan nawa ne, in mutum ya tsaya wannan gaɓa ya yi kira ana jin shi waccan? Ruwan gudu ya kai ko kwance yake? Kuma akwai ciyawa da kututture a hanyar? In reshe ne da ake jin kira, inji bai da aiki nan, kafin ka ja igiya ya tashi mai filafili ya kai rabi. Kuma reshen kogi da damina cike yake da burgu da kainuwa, farfelar inji tana naɗe su ta tsaya, to ranar da ta tsaya tsakiyar ruwa da babban jirgi cike da yara, da mi za a tuƙa shi? Babban jirgi filafili ɗaya bai juya shi. Ƙarami kuwa inda duk ruwa ya kai gwiwa yana shiga, in ya yi zurfi ka sa filafili, in ba zurfi ka ɗauki gora ka dafa ƙasa.

Ɗan Gungu:
Baba Allah ya ƙara girma. Ana jin kira sarai, har gaisawa ake daga gaɓa zuwa gaɓa. Amma ruwan yana gudu sosai wajen watan tara, kuma akwai ciyawa gefe da gefe.

Tsohon Matuƙi:
To madalla. Gudun ruwa ba abin tsoro ba ne ga wanda ya iya. Ba a yanke ruwa mai gudu kai tsaye. Bin gaɓa aka yi a hau sama inda ruwa ya yi laushi, sai an wuce daidai inda za a sauka da ɗan nisa sannan a karkata goshin jirgi a shiga, ruwan da kanshi shi ka kai ka kwatar da kake so. Matuƙi na baya zaune, shi ke da jirgi, filafilinsa ne ke tuƙi kuma shi ne ke juya kai. Ranar da ruwa ya yi ƙarfi a sa mutum na biyu a goshi. Yara su zauna ƙasa cikin jirgi, ba bisa baki ba, manya tsakiya ƙanana gaba, kuma ba mai miƙewa sai goshi ya taɓa ƙasa an riƙe igiya. Abin da ni ka dubawa kafin in tura jirgi guda ne: in sa hannu daga bakin jirgi zuwa ruwa, in bai kai taƙi ba sai wani ya sauka ko ɗan sarki ne.

Malama Ta Firamare:
Baba ya gama magana wlh. Ni na koyar a makarantar da yara ke zuwa ta ruwa, bari in ƙara abin da mai zama birni ba zai gani ba. Yara ba sa fitowa lokaci ɗaya. Wani sai ya kai awaki, wata sai ta gama wanke-wanke ko ta kai tallan koko, 'yan aji ɗaya kuma ana tashinsu kafin manya. In jirgi ɗaya ne mai inji dole a jira kowa saboda ba za a ƙona mai don yara huɗu ba, to jiran nan shi ke sa a makara kuma shi ke sa a cusa su gaba ɗaya. In biyu ne na filafili sai su yi ta kai da kawowa, ɗaya na can ɗaya na nan, wanda ya makara ba a bar shi ba. Mu har malamai da shi muke shiga, ka ga malami ya naɗe wando ya riƙe takalmi da rajista a leda a kan cinya. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne littattafan yara, kasan jirgi kullum da ɗan ruwa, jakar buhu ce suke ratayawa sai ka ga littafi ya jiƙe ya manne. In kun tashi ku sa a yi musu dandamali na katako a ciki, ku kuma sayi babbar roba mai murfi a riƙa zuba jakunkuna.

Abba Injiniya:
Na ji duk wannan amma ku dubi rayukan da ake asara a ruwa mana. Kwale-kwalen nan su ne kullum a labarai.

Ɗan Kabi:
Abba tsaya, ka duba labaran da kyau. Na Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, watan Mayun 2021, wanda ya taso daga jihar Neja ya dare a tsakiyar kogi mutum sama da ɗari suka salwanta, babban jirgin inji ne da aka lafta wa mutane da kaya. Na Patigi a Kwara cikin 2023 'yan biki ne ke dawowa cikin dare, su ma sama da ɗari. Na Bagwai a dam ɗin Watari ƙarshen 2021, ɗaliban Islamiyya ne za su Maulidi, Allah ya jiƙansu, abin da kowa ya faɗa lodi ne ya wuce kima. 'Yan jarida kome ya kife kwale-kwale suke ce masa shi ya sa ake ɗora wa ƙaramin laifi. Ban ce ƙarami ba ya kifewa ba, yana kifewa, amma abin da ke cin mutane da yawa lodi ne da tafiyar dare da tsohon katako da kututturen da ke ƙarƙashin ruwa. Kada ka manta tafkin Kainji daji ne da garuruwa ruwa ya shanye da aka gama dam a 1968, har tsohuwar Busa tana ƙasa, itatuwan nan har yau wasu suna tsaye cikin ruwa. Mai filafili in ya ci karo da kututture a hankali yake taɓa shi ya kauce, mai inji da gudu yake hawa.

Ummu Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na Bagwai ɗin nan har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, ƙananan yara ne. Don Allah ko me za ku saya ku sa rigar ruwa a lissafi tun farko, kar ku ce sai daga baya.

Admin:
Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Jama'a a ci gaba amma a tsaya kan tambayar bawan Allah.

Ɗan Gaya:
Salam 'yan uwa na Najeriya, ni daga Gaya nike jihar Dosso ta Nijar, kogi guda muke sha da ku. Mu nan mun ga amfanin jirgin ruwa ƙarara bayan juyin mulkin 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanville ta ƙasar Benin. Mutane da kaya duka ruwa suka koma, manyan masu moto suna ɗaukar buhuhuwa da babura, amma mai ƙaramin ƙarfi da ke da gonar shinkafa cikin tsibiri ko matar da za ta kai kayan miya, ƙaramin jirginsu na gida ne ya fisshe su. Abin da nike so in ce ma mai tambaya, jirgin da kuka saya ma 'yan lakwal, wato makaranta, ba 'yan lakwal kaɗai za ya yi ma aiki ba. Da an tashi makaranta wani zai ara ya yanko burgu ma shanu, wata ta ɗebo itace, wani ya duba taru, a kai gawa maƙabarta in ruwa ya raba gari, a kai amarya. Wannan duka alheri ne amma ku yi doka tun yau, lokacin zuwa da tashi jirgi na yara ne, kowa ya jira.

Ɗan Gungu:
Gaskiya ne ɗan'uwa, tsohon ma haka ya mutu, kowa na ara ba mai gyara.

Kafintan Jirgi:
To nan ne aikina ya shigo. Ni jirgi nake ƙerawa, na gada wajen maigidana. Kar ku je kasuwa ku sayi wanda aka riga aka shafe da kwalta, ba ku san abin da ke ƙarƙashi ba, ana ɓoye katako mai tsagu da mai ɓargo a haka. Ku ba da aiki a yi a gabanku, ku tura wanda ya san itace ya zaɓi katakon da hannunsa. Na sassaƙe, wato gungume ɗaya da ake fafewa, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma ina za ka samu maɗaci ko ƙawo mai kaurin da zai ɗauki yara goma yanzu? An sare su. Kuma na sassaƙe gindinsa a zagaye yake, yana rawa, sai wanda ya saba. Na yara ku ce a yi mai shimfiɗaɗɗen gindi mai faɗi, bango ya ɗan yi tsawo, a sa haƙarƙari kusa da kusa. Ba zai yi gudu ba amma ba gudu kuke nema ba. Wajen haɗin katako ana cusa tsumma ko auduga da kwalta mai zafi, a bi da gwangwani a buga ƙananan ƙusoshi, in an yi da kyau sai ka ga ɗan gumi kawai yake yi.

Sannan kula. Jirgin katako rana ce ke kashe shi fiye da ruwa. In ruwa ya janye da rani kar a bar shi kife a kan rairayi wata da watanni, katakon zai bushe ya buɗe baki, ko a nutsar da shi a inda ruwa ya rage ko a ja shi inuwa a rufe da ciyawa ana yayyafa masa ruwa. Kafin ruwa ya dawo a kankare a sake kwalta. A ajiye abin kwarfa biyu a ciki kullum, yankakkiyar jarka ta isa, a ɗaure ta da igiya don yara kar su jefar. Filafili kuma ku yi huɗu ba biyu ba, yana karyewa yana kuma suɓucewa.

Abba Injiniya:
Maigida na fiber fa? Na ga irin wanda gwamnati ke rabawa, ba ya ruɓewa.

Kafintan Jirgi:
Yana da kyau, ba ya ruɓewa kam, amma da tsada, kuma in dutse ya fasa shi a ƙauye wa zai like? Na katako ko almajirina ya zo da guduma da gwangwanin kwalta kafin azahar ya koma ruwa. Kuma marar nauyi ne, in ba kaya iska tana wasa da shi, mai filafili yana shan wuya.

Ɗan Nguru:
Ina ta karantawa ina jin daɗi. Mu a fadamar Haɗeja zuwa Nguru matsalarmu kachalla ce, ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa tun da dam ɗin Tiga da na Challawa suka canza yadda ruwa ke zuwa. Akwai lungunan da mutane ke sare hanya da lauje a cikinta, siririya daidai faɗin kwale-kwale, inji ba ya ko gwadawa, da gora ake turawa. Manomi da shi yake zuwa gona ya kwaso shinkafa, masunci da shi yake bin gurarsa. Kuma abin nan ba yau aka fara ba, a jiharmu ta Yobe a Dufuna cikin ƙaramar hukumar Fune wani Bafulatani yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwale-kwale a ƙasa, aka tono shi a 1994, masana suka auna suka ce ya haura shekara 8,000, tsawonsa ya fi mita 8, shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka. Yana Damaturu. Kuma ko ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, a unguwanni da yawa kwale-kwale ne ya riƙa shiga lungu yana fito da mutane inda mota ba ta isa.

Ɗan Kabi:
Haka ne. Mu ma a Argungu ranar bikin kamun kifi mutane giwan ruwa kawai suke kallo a kogin Matan Fada, amma kabanci, wato wasannin ruwa, ai har da tseren kwale-kwale, a Yauri kuma ga bikin jirage na Rigata. Yaran da ke tseren nan su ne gobe matuƙa. Abin da nake tsoro shi ne samari yanzu duk acaba suke so, in dattawa irin su Baba suka tafi wa zai san inda ruwa ke juyawa?

Tsohon Matuƙi:
Wannan ita ce maganar da ta fi jirgin. Jirgi ko na zinari ne in ba matuƙi itace ne. Ku je wurin Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi na yankinku ku ce ya ba ku mutum biyu natsattsu masu iyali, waɗanda ɗiyansu ma na cikin masu ƙetarewa, ku yanka musu wani abu duk wata ko hatsi ne in an yi girbi. Kada ku bar ma yaro ɗan shekara sha biyu filafili don ya iya, iyawa daban hankali daban. Kuma ku sani kogin ga cika biyu gare shi. Akwai farin ruwa na damina mai laka, akwai baƙin ruwa da ka zowa daga sama can ƙasar Mali lokacin sanyi, ya iske hazo da iskar hunturu. Mutane na sakin jiki da shi don sun ga ba hadari a sama, alhali da hantsi iska ka tada igiyar ruwa. Ranar da matuƙi ya dubi ruwa ya ce ba a shiga, to ba a shiga, ko jarrabawa a kai. Hedimasta ya san da wannan tun farko. In kuma an ga dorina ta shigo reshen a dakata har ta fita, mai ɗa ba ta da wasa.

Malama Ta Firamare:
Baba a ƙara da koya musu iyo, musamman mata. Maza suna koya da kansu wajen wanka, 'yan mata da sun ɗan tasa ake hana su shiga ruwa, ga hijabi ga zani, in abu ya faru su ne ke fara tafiya. A samu mata manya da suka iya su koya musu a wuri mai sirri inda ba zurfi.

Ummu Sadiq:
Wlh Malama kin taɓo inda ke min ciwo. Kuma a gaya musu in jirgi ya kife kar su sake shi, na katako ba ya nutsewa gaba ɗaya, su riƙe gefensa har a kawo ɗauki, kar su riƙe juna.

Abba Injiniya:
Na yarda a kan fiton yara filafili ya fi dacewa da wannan reshen. Amma ban janye maganar mara lafiya ba. Daga ƙauye zuwa asibiti ba jin kira ba ne, tafiya ce mai nisa a babban kogi, wani lokaci gaba da ruwa. Mai naƙuda ba za ta jira filafili ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare a ruwa kuma da gaskiyarta, amma ciwo ba ya duba agogo.

Maman Khalifa:
Wannan kam gaskiyarka ce Abba, na taɓa raka wata a haka, ba na fatan in sake gani. Sai dai wannan wani asusu ne daban. Akwai masu inji a kusan kowace kwata, abin da ke hana su tashi da dare rashin mai ne a tanki. Ƙungiya ta ajiye jarka ɗaya cike a gidan mai gari da fitila mai kyau, a yi magana da mai inji ɗaya a karɓi lambarsa.

Kafintan Jirgi:
Kuma in kuna so, ɗaya daga cikin biyun sai a yi masa baya a yanke da katako mai kauri, yadda in Allah ya hore nan gaba za a iya rataya ƙaramin inji ko a ara a ɗaura ranar larura. Ƙarin kuɗin kaɗan ne in tun wajen ƙira aka faɗa.

Ɗan Gungu:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na kwashe duk bayanan nan zan tura group ɗinmu yau da daddare. Abin da zan kai musu: biyu na filafili masu faɗin gindi, ɗaya da bayan da zai karɓi inji, canjin a sayi rigunan ruwa na yara da robar jakunkuna, sannan mu je wajen Sarkin Ruwa kan matuƙa. Maigida kafinta zan shigo maka inbox. Tambaya ɗaya ta rage, rigunan ruwan nan na yara ƙanana a ina ake samun masu kyau, don waɗanda na gani a kasuwa duk na manya ne, yaro ɗan aji ɗaya zai zame ta ƙasa.

Ummu Sadiq:
Ka nemi masu igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, su ne na yara, kuma a jikin rigar ana rubuta nauyin da take ɗauka. Kano ko Legas za ka sa a duba maka, ka auna yaran tukuna kafin ka yi oda.

Malama Ta Firamare:
Kuma a bar su a makaranta ko gidan matuƙi ana ƙirgawa kullum, in aka ba yara su tafi da su gida ba za su kai ƙarshen zango ba.